Bakin Ruwan Dadin Kowa: Mu Juya Kyamara ta Kalli Masu Jirgi



Duk hutun sallah, da ma ƙarshen mako idan aljihu ya yi nauyi, shafukan matasan Gombe kan cika da hotunan Dadin Kowa. Ga saurayi ya sha shadda da hula, ga ruwa shimfiɗe a bayansa iya ganin ido. Idan ka ƙura wa hoton ido sai ka hangi rabin kwale-kwale a gefe, ko ƙeyar wani dattijo da ya duƙa yana ɗinkin koma. Ya shiga hoton ba da saninsa ba, kuma babu wanda ya tambayi sunansa.

Ba mu ga laifin wanda ya je shan iska ya ɗauki kansa ba. Ra'ayinmu dai shi ne, wannan dattijo da jirginsa da wurin da yake ɗaure shi su ne suka fi cancantar a ɗauka. Kuma a ɗauke su da izininsu, a rubuta suna da wuri da rana, a adana, a mayar musu da nasu. Hoton ɗauki-kanka kwana biyu yake yi a manta da shi. Hoton mashigin jirage da aka rubuta bayaninsa kuwa, nan da shekara talatin shaida ne.

Me ya haɗa Kagarawal da masunta?

Wani zai ce mu mutanen tudu ne, ina ruwanmu da kwale-kwale? Ruwanmu kuwa a zahiri, domin ruwan famfon garin Gombe daga madatsar Dadin Kowa ake tace shi a turo. Ranar da famfo ya kawo, ruwan kogin Gongola muke tara a jarka. Wani kaso na ɗanyen kifi da bandar da ke shiga tukwanenmu ma daga can yake fitowa. Madatsar tana ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, ta hanyar Biu, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba daga cikin gari. Gwamnatin tarayya ce ta gina ta a shekarun 1980, tun muna cikin tsohuwar jihar Bauchi, kafin a ƙirƙiro jihar Gombe a 1996. Yanzu har da injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40 a jikinta.

Wato dai wannan tafki bai fi shekara arba'in da 'yan kai a duniya ba. Akwai dattawan da suka san wurin yana fadama da gona da hanyar ƙafa. Akwai waɗanda suka ga ranar da ruwa ya fara hawa. Akwai masuntan da suka biyo kifi daga wasu garuruwa suka kafa bukkoki a gaɓa, har bukkokin suka zama unguwa. Waɗannan mutane suna nan da rai, amma kullum raguwa suke yi. Ku tambayi kanku: a gidan wa aka taɓa nuna muku hoton wurin kafin ruwa ya cinye shi?

Bakin ruwa ba ya zama wuri ɗaya

Masallaci ko fadar sarki idan ba ka ɗauka bana ba, baɗi za ka same su inda ka bar su. Mashigin jirage ba haka yake ba. Idan Gongola ta kawo ruwa a watannin Agusta da Satumba, gaɓa takan hau tudu. Idan rani ya tsananta wajen Maris da Afrilu, sai ruwa ya ja da baya, masu jirgi su bi shi, masu banda su bi masu jirgi, mai shayi ya bi kowa. Inda aka sauke kifi bara, bana ana iya shuka masara ko kayan lambu a wurin. Wuri ne da ke tashi ya zauna sau biyu a shekara, kuma wata rana yakan tashi bai dawo ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 sai ya ƙanƙance har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Garin Baga da ke bakin ruwa ya wayi gari ruwa ya yi masa nisa. Masuntan yankin suna kiran mashigin jirage da suna kwata, ba kwatar mahauta irin tamu ba, kuma garuruwa da yawa a can da wannan kalma sunansu ya fara. Kwata nawa ce ta bushe ba tare da an bar ko hoto ɗaya nata ba?

Bayan fari sai ga rikici. A watan Janairun 2015 aka kai wa Baga da Doron Baga mummunan harin nan. Da aka yi ta jayayya kan girman ɓarnar, hotunan tauraron ɗan'adam na kafin harin da na bayansa, waɗanda ƙungiyar Amnesty International ta fitar, su suka nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata. Gani ya kori ji. Amma tauraro rufin gida kawai yake gani. Ba ya nuna fuskar dillalin kifi, ba ya nuna yadda ake jera kwalayen banda a mota. A nan Gombe muna zaune da 'yan uwanmu da suka baro Borno. Ku tambaye su abin da za su bayar a yau da za a miƙa musu hoton kasuwar kifin garinsu ranar da take ci.

Haka abin yake a yamma. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yauri, aka sauya wa mutane kimanin 44,000 mazauni. An gina Sabuwar Bussa, amma tsohuwar tana ƙarƙashin ruwa. A wancan zamani kyamara ba kowa ke da ita ba. Mutanen Bussa suna da uzuri. Yau da kusan kowane gida yake da waya mai kyamara, wane uzuri za a bai wa jikoki?

Waɗanda suka ɗauki nasu

A ƙasar Ingila akwai wani ƙaramin garin masunta a bakin teku mai suna Whitby. Wani mai hoto, Frank Sutcliffe, wanda ya rayu daga 1853 zuwa 1941, ya zauna a garin. Abincinsa daga hoton masu kuɗi yake samu a shagonsa, amma idan ya sami sarari sai ya sauka tashar jirage ya ɗauki masunta da matansu da jiragensu. Yau ba a tuna hotunan shagon. Na tashar jiragen su suka ɗaukaka sunansa, su ne kuma madubin da garin ke ganin jiyansa a ciki.

A nan Najeriya ma muna da Jonathan Adagogo Green, ɗan garin Bonny da ke bakin teku a jihar Ribas ta yanzu. Ya rasu a 1905 yana da shekara talatin da 'yan kai, amma hotunan da ya ɗauka na sarakuna da 'yan kasuwa da mutanen yankinsa har yau masana tarihi na dogara da su. Abin lura shi ne dukansu biyu a cikin mutanen da suke ɗauka suke zaune. Sun san wane ne wane. Baƙo yakan ɗauki abin da ya ba shi mamaki ya wuce. Ɗan gida shi ke iya dawowa wuri ɗaya sau goma har ya ga abin da ke sauyawa.

Mu dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Hotunan ranar biki sun cika duniya: dubban mutane da gora da homa sun afka ruwa, ga wanda ya ciri tuta rungume da giwan ruwa. Amma sun yau da kullum, na mutumin da ke fita da asuba ya duba kallinsa ya dawo da karfasa rabin daro, wa ke ɗaukar wannan? Alhali da shi ake ciyar da gida, ba da na ranar biki ba.

Abin da hoto zai yi wa masu jirgi

Kada a ɗauka maganar tarihi ce kawai. Hoto mai kwanan wata yana da amfani tun yanzu.

Duk masuncin da ya manyanta, a kowane ruwa, zai ce maka kifin da ya fi na yanzu girma. Matasa su ce labarin tsofaffi ne. Idan ana ɗaukar abin da aka sauke a mashigi ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara, da daro ko tafin hannu a gefe don a gane girma, bayan shekara biyar gardama ta ƙare. Za a ga ko tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa suna raguwa, za a ga ko idon taru yana ƙara matsewa har yana kwashe 'ya'yan kifi. Da irin wannan shaida Sarkin Ruwa zai iya zama da jami'an kula da kamun kifi ya yi magana da hujja.

Haka batun hawan ruwa. Idan ambaliya ta ci rumfuna da wuraren banda, abu na farko da masu rabon tallafi ke tambaya shi ne shaidar abin da ke wurin. Wanda yake da hoton rumfarsa na watanni uku baya ba daidai yake da wanda sai dai ya rantse ba.

Sai kuma maganar rai. Ba mu manta da hatsarin jirgin Warrah a jihar Kebbi ba, a watan Mayun 2021, inda mutane da yawa suka halaka a kogin Neja. Ba mu manta da na Bagwai a jihar Kano ba, a ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, wanda yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Bayan kowane hatsari sai hotuna su fito, na gawarwaki da masu kuka. Mu hoton kafin hatsari muke so: yawan mutanen da ake lodawa ranar kasuwa, halin da katakon jirgi yake ciki, ko akwai rigar kariya ko babu. Ba don a tona asirin mai jirgi ba, don ƙungiyarsu ta sami abin da za ta nuna idan ta je neman riguna ko sabon jirgi.

Masu ja da wannan magana

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Na farko, batun addini. Malamanmu sun yi saɓani kan hoton kyamara, wasu sun sassauta idan da buƙata, wasu sun tsananta kan duk mai rai. Mu ba masu fatawa ba ne, kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Abin da za mu ce kawai shi ne, wanda ba ya ɗaukar fuska yana da aiki mai yawa a bakin ruwa: jirage a jere, filafili, koma a shanye, mamari da ƙugiyoyinsa, gurar Mali, murhun banda, alamar da ruwa ya bari a jikin dutse. Duk tarihi ne, babu fuska ko ɗaya.

Na biyu, zargi. Mutanen karkara sun gaji da masu zuwa da kyamara su ɗauke su, su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Da yawa sun yi imani da hotonsu ake karɓo kuɗi a wani wuri. A Makoko da ke Legas, unguwar masunta da ke kan ruwa, baƙi kan shiga da kwale-kwale suna ɗaukar mutane kamar sun je gidan zu, kuma mazauna wurin sun daɗe suna nuna ɓacin ransu. Wannan zargi ba a wanke shi da daɗin baki. Ana wanke shi ne ranar da ka dawo da hoton a hannu ka ce, "Baba, ga naka."

Na uku, mutunci. Bakin ruwa wurin aiki ne, kuma wurin wanka da wanki. Akwai matan aure masu gyaran kifi, akwai yara ba riga. Wanda ba zai yarda baƙo ya leƙa gidansa da waya ba, kada ya yi wa wani. Mace sai da yardarta da ta maigidanta, yaro sai da yardar iyayensa, mai wanka kuwa babu zancen izini ma, a kau da kai. Haka nan a guji hoton da ke neman tausayi da talaucin mutum. Masunci mai sana'a ne, ya san ruwa kamar yadda direba ya san hanya. A ɗauke shi yana aikinsa.

Na huɗu, tsaro. Jikin madatsar da wurin injinan lantarki da matatar ruwa kayan gwamnati ne masu tsaro. Kada wani ya je ya ɗaga waya a wurin ba tare da izinin masu gadi ba, balle ya tashi jirgi mara matuƙi. Abin da muke magana a kai mashigin masunta ne, ba ginin madatsa ba.

Yadda muke ganin a yi

Shawararmu ga matasanmu masu sha'awar hoto ba ta buƙatar babbar kyamara. Wayar hannu ta isa idan an bi ƙa'ida.

A fara da gaisuwa. A nemi Sarkin Ruwa ko mai unguwa ko shugaban masunta, a faɗi daga ina aka zo da abin da za a yi da hoton. Zuwan farko ko ba a ɗauki komai ba, ba a yi asara ba. A sayi kifi, a zauna a sha shayi, a saurara.

A je da wuri. Jirage da hantsi suke gama shigowa, wanda ya iso da azahar sai dai ya tarar da ƙaya da ƙudaje. Hasken safiya ma ya fi taushi, ba ya ƙona fuska, ba ya sa ruwa ƙyalli. A bar rana a bayan mai ɗauka ko a gefensa. A goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura. A kwantar da wayar idan ana son jirage su fito a jere. Kada a ce wa mutum ya tsaya ya ƙame, a bar shi da aikinsa.

A zaɓi wuri ɗaya da ba ya motsi, kamar dutse ko babbar bishiya, a riƙa tsayawa a nan ana ɗaukar gaɓar sau huɗu a shekara: da bazara, da tsakiyar damina, da kaka, da tsakiyar rani. Inda ake hango Dutsen Bima, a sa shi a cikin hoton, domin shi dai ba zai tashi ba. Wannan jerin hotuna huɗu ya fi hotuna ɗari da aka ɗauka barkatai.

A rubuta bayani a ranar. Sunan mashigin yadda masu wurin ke kiransa, kwanan wata, sunan wanda ke ciki idan ya yarda, sunan kifin da na kayan aikin, da Hausa da kuma harshen masu wurin, ko Teranci ne ko Fulatanci ko wani. Tsofaffin hotunan zamanin Turawa da yawa sun iso gare mu babu sunan mutanen da ke ciki, sai dai a ce wani masunci ko wata mata. Kada mu maimaita wa mutanenmu wannan.

A adana da kyau. Facebook ba rumbu ba ne. Yana rage ingancin hoto, kuma ranar da aka rufe shafi ko aka sace waya, shi ke nan. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yakan rasa bayanin ranar da aka ɗauke shi, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Don haka a ajiye na asali a wuri biyu, a kuma wanke waɗanda suka fi muhimmanci a takarda, a rubuta bayani a baya. Takarda ba ta neman caji.

A ƙarshe, a mayar. Kowane mutum da aka ɗauka a kai masa nasa. Idan ya ce kada a sa a intanet, kada a sa. Idan wata jarida ko hukuma ta nemi hoton da kuɗi, mai fuskar yana da haƙƙi a ciki.

Abin da ya rage gare mu

Za mu gabatar wa zaman ƙungiya na gaba shawarar a buɗe albom guda da ma'ajiya a kwamfuta don wannan aiki, a damƙa su hannun mutum biyu amintattu. Muna roƙon iyayenmu da suka yi aiki a Dadin Kowa lokacin ginin madatsar, ko suka yi fataucin kifi, ko suka yi koyarwa a ƙauyukan gaɓa, su duba akwatunansu. Duk wanda ya sami tsohon hoto, ko ya koɗe, ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa a ranar. Idan babu hoto amma akwai labari, shi ma muna so, za a zo har gida a ɗauka.

Wanda ya koyi wannan tarbiyya a bakin ruwa zai dawo da ita unguwa. Mu ma nan Gombe muna da abin da ke tafiya a hankali: kwarin da zaizaya ke faɗaɗawa duk damina, gonakin da suka zama filoti, tsofaffin da suka san lokacin da Kagarawal take bayan gari. Amma a fara da bakin ruwa, domin shi ya fi saurin sauyawa, kuma masu shi ba su da mai ɗaukar musu.

Ga matasanmu masu shirin zuwa Dadin Kowa a hutu mai zuwa: ku ɗauki hoton kanku, babu mai hana ku. Idan kun gama, ku taka zuwa wurin dattijon nan mai ɗinkin koma, ku yi masa sallama, ku tambayi sunansa.

Allah Ya tsare masu shiga ruwa, Ya sa albarka a sana'arsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.

Sakatare,
a madadin ƙungiya.